Abin da ke faruwa da gidan azara idan aka raba shi gida-gida a Sakkwato

Duk wanda ya ratsa tsofaffin shiyoyin Sakkwato, kamar Kanwuri da Ƙofar Rini da Ƙofar Marke, zai ga gidajen ƙasa masu zaure ɗaya amma ƙofofi uku ko huɗu. Da yawansu gidan mutum guda ne a da. Rabon gado da matsin wurin zama suka yanka su sassa-sassa, wasu sassan kuma yau 'yan haya ne a ciki: ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwar da ke son kusanci da tsakiyar gari.

Matsalar ita ce magina ba su gina irin wannan gida don a yanka shi ba. Tun lokacin da Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, ginin masu hali ya dogara ne ga tubali da azara. Azara itace ne da ake farkewa daga gangar jikin giginya, kuma gara ba ta cika samun galaba a kansa ba. Sai dai yana da iyaka: idan babu abin da ya tallafe shi, bai wuce ya haye kimanin mita 2 ba, domin a kansa za a ɗora asabari ko zana, sannan ƙasa mai nauyi. Shi ya sa tsofaffin ɗakuna suke da ƙunci. Idan ana son faɗi, sai magini ya fito da gajerun azara daga bango hawa-hawa, ko ya kafa ginshiƙi, ko ya yi bakan gizo da ɗaurin guga, kamar yadda ake gani a zaurukan sarakuna. Ke nan kusan kowane bango yana ɗauke da kaya, kuma sau da yawa bango ɗaya ne ke riƙe da rufin ɗakuna biyu.

A nan rabo ke yin ɓarna. Magajin da sashensa ya faɗo can ciki yana bukatar hanyar fita, sai ya fasa ƙofa a bangon da kawunan azara suke zaune. Wani ya haƙa masai a gindin katanga, danshi ya riƙa cin tushe. Wani ya yi wa nasa ɓangaren rufin kwano, ruwansa ya koma zuba a kan rufin ƙasa na ɗan'uwansa, wanda indararonsa aka tsara don ruwan ɗaki ɗaya. Shafen siminti ma, da ake ɗauka gyara ne, yakan kulle danshi a ciki har ƙasar ta ruɓe ba a sani ba.

Mafi muni a ganina shi ne mutuwar yaɓe. A da maigida kan tara magina kafin damina su toshe tsaga, su shafa makuba, su share indararo. Yanzu bangon tsakiya na kowa ne, don haka babu mai taɓa shi, sai ruwan Agusta ya tona asiri.

Shari'a ba ta bar zancen haka ba. A mazhabar Malikiyya akwai shufu'a: idan abokin tarayya ya sayar da kasonsa na gidan da ba a raba ba, sauran suna da haƙƙin karɓe shi a kan farashin da aka saya. Da zarar an ja iyaka kuwa, wannan haƙƙi ya faɗi.

Mai neman haya ko saye ya ɗaga kai kafin ya biya. Ya duba ko azara ta lanƙwashe a tsakiya, ko kawunanta sun yi baƙi, ya kuma bi indararo ya ga inda yake zubarwa. Ya tambayi wa ke da alhakin bangon da ya haɗa shi da maƙwabci, a rubuta a gaban mai unguwa. Idan ɗakin ya tsallake wannan bincike, a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, zai kwana cikin sanyin da ɗakin bulo da kwano ba ya bayarwa sai da wutar lantarki.