Baturiya: Ƙauyen da tsuntsayen Turai suka fi mu sanin hanyarsa

Duk lokacin da hutun makaranta ya kama, masu hali kan shiga lissafin kuɗin jirgi zuwa Dubai ko Masar, masu ƙaramin ƙarfi kuma su kwashi yara zuwa gidan namun daji na Kano. Ban ga laifin kowa ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, a Jihar Jigawa akwai ƙauyen da baƙi ke ratso hamadar Sahara kowace shekara domin su sauka a gefensa, alhali yawancinmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba. Baƙin nan tsuntsaye ne. Ƙauyen kuwa Baturiya ne, a Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma, cikin masarautar Haɗejiya.

Wanda zai fahimci Baturiya sai ya fara fahimtar ruwanta. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya. Kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos ta ƙasar Bauchi. Da suka iso wannan yanki sai suka tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai jerin jigayi, wato tsofaffin tuddan yashi irin waɗanda jihar ta samo sunanta daga gare su. Ruwan ya rasa gangare, sai ya rarrabu tsakanin jigayin, ya cika fadamu da tafkuna, kafin ragowarsa ta tattaru ta bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Wannan shi ne dausayin Haɗejiya da Nguru, Baturiya kuwa tana ɗaya daga cikin ƙofofinsa. A shekarar 2008 aka sanya dausayin Baturiya, mai faɗin sama da hekta 100,000, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971. A 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mai da shi gandun daji na ƙasa, tare da wasu guda tara.

Lokacin zuwa shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. A sannan ruwa ya fara ja, hanya ta bushe, baƙi kuma sun hallara. Mu Hausawa mun san shamuwa a matsayin baƙuwar damina, mai zuwa da albishir ɗin ruwa. To bayan ta tattara ta yi kudu, wasu baƙin ne ke maye gurbinta: ƙananan agwagin ruwa da tsuntsayen bakin gaɓa masu dogayen ƙafafu, waɗanda ke hayayyafa a Turai da arewacin Rasha, su gudo idan ƙanƙara ta rufe musu abinci. Bayan sun ƙetare teku da hamada, wannan dausayi na cikin ruwayen farko da suke tararwa. Masana sun ƙidaya nau'in tsuntsaye fiye da 300 a yankin gaba ɗaya.

Shawarata ga mai ziyara ita ce ya kwana a Haɗejiya, ya yi sammako bayan sallar asuba, ya nemi ɗan gari ya shiga da shi cikin kwalekwale. Kafin rana ta ɗaga zai ji kirinjijiya suna fito garke garke, ya ga dinya ta tashi da nauyinta, zalɓe ya tsaya cak kamar an dasa shi yana dakon kifi, jinjimi na caccakar laka, balbela na bin sawun shanu. Idan da rabo ya hangi gauraka, wadda ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan. Kwalekwalen zai ratsa ta cikin bado, ya bi ƙarƙashin giyayya da bagaruwa waɗanda ruwa ke shanye gindinsu watanni ba su mutu ba. A kan tudu kuma ga goruba da kanya da tsamiya. Yaron da ya tashi a birni, wanda bai san waɗannan sunaye ba sai a tatsuniya da karin magana, zai koyi Hausa a safiya ɗaya fiye da abin da zai koya a zango guda na makaranta.

Amma a ganina abin kallo mafi girma a Baturiya mutane ne da yadda suke karɓa-karɓar ƙasa ɗaya. Fadamar da ambaliya ta rufe a watan Agusta da Satumba gonar shinkafa ce kuma maƙwancin kifi. Idan ruwa ya ja, masunta su bi tafkunan da suka rage da taru da koma da gora, su fito da tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu, wani lokaci har da gaiwa mai ɓuya cikin laka. Manomi ya bi danshin da ruwa ya bari ya shuka wake, ko ya ja ruwa da inji ya yi alkama da albasa da tattasai. Idan rani ya tsananta, makiyayi ya iso da garkensa ya ci ciyawar da ta rage, ya bar taki. Masunci, manomi, makiyayi: fili guda, abinci uku, kowa da lokacinsa. Hausawa da Fulani da Badawa da Mangawa sun daɗe a kan wannan tsari.

Mai ziyara ya tsaya wurin masu bandar kifi ya ga yadda ake jera shi a kan wuta. Ya zauna da masu saƙar kaba, waɗanda ke mai da ganyen goruba tabarma da igiya da faifai. Ya sha nono a ruga, ya sayi abin da zai saya ba tare da ya matse mai sayarwa ba. A hanyar komawa ya shiga kasuwar kifi ta Haɗejiya, wadda fatake ke zuwa daga nesa domin ta, ya kuma ga ragowar ganuwa da ƙofofin birnin da Sarki Muhammadu Mai Shahada ya ƙi miƙa wa Turawa har aka kashe shi a 1906. Mai sauran kwana ya ƙarasa Nguru, inda layin dogo daga Kano ya tuƙe a 1930, ya ga tafkinta. Gaba kaɗan akwai mafakar tsuntsaye ta Dagona a ƙasar Bade, wadda Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarta a 1989, da kuma Gogaram, tsohon birnin Badawa inda ake bikin kamun kifi.

Duk wannan arziki a kan abu ɗaya ya rataya: ruwa ya zo a lokacinsa, ya kuma tafi a lokacinsa. A nan ne matsalar take. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Ba mai musun amfaninsu, domin da su birnin Kano ke shan ruwa, da su ake noman rani a Kadawa da Auyo. Sai dai sun sauya ɗabi'ar kogin. A da yakan cika ya tumbatsa da damina, ya wanke hanyarsa, ya ƙafe da rani. Yanzu ambaliyar da ke ciyar da fadamu ta ragu a yawancin shekaru, ruwa kaɗan kuma yana gudana kusan duk shekara. Ruwa marar ƙarfi yana ajiye laka, laka mai danshi kuwa ita ce gadon kachala. Ciyawar nan ta toshe hanyoyin ruwa, ta karkatar da shi, har ya zama wasu garuruwa gonakinsu sun nutse, wasu kuma nasu sun bushe. Cikin duhunta jan-baki ke kwana ya wayi gari ya faɗa wa shinkafa, a nan sauro ke hayayyafa, haka dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Idan shekara ta zo da ruwa mai yawa, kamar 2022, kogin da hanyarsa ta toshe sai ya afka wa gidaje.

Idan fili ya ƙuntata, karɓa-karɓar nan ta lalace. Manomi ya shiga burtali, makiyayi ya iso kafin a kwashe amfani, masunci ya koma raga mai ƙananan idanu yana kwashe har 'ya'yan kifi, wanda ya rasa duka ya ɗauki gatari ya nufi daji. Rigingimun manoma da makiyaya da ake ji daga wannan yanki ba za a raba su da wannan ba. Ba ni ganin adalci ne a ɗora wa talakan ƙauye laifin sare itace alhali ba shi ya riƙe makullin madatsa ba.

Saboda haka kirana uku ne. Na farko ga Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are: sakin ruwa daga Tiga da Challawa ya riƙa la'akari da mutanen ƙasan kogi, a kuma mai da yashe hanyoyin ruwa aikin kowace shekara, kada a jira sai gari ya nutse. Na biyu ga hukumar gandayen daji ta ƙasa da gwamnatin Jigawa: sunan gandun daji a takarda ba ya tsare bishiya ko ɗaya. A ɗauki 'ya'yan Baturiya da maƙwabtanta aikin gadi da jagorancin baƙi, a fayyace inda za a yi su da kiwo, a samar da masauki mai tsafta ko da ɗakuna kaɗan ne. Mutumin da tsuntsu ke kawo wa abin cefane ba zai ɗana masa tarko ba.

Na uku gare mu ne, musamman shugabannin makarantun Kano da Dutse da Gashuwa da Azare. Ku kai ɗalibai. Wanda ya je ya fara gaida mai gari, ya nemi izini kafin ɗaukar hoton mutane, ya biya mai kwalekwale hakkinsa, ya kwaso ledarsa, ya bar bindiga da danƙo a gida. Abin da mutane ke ziyarta shi hukuma ke jin kunyar bari ya lalace, abin da aka manta kuwa kachala ce ke gadonsa. Hunturu mai zuwa baƙin za su sake sauka idan Allah Ya kai mu. Ya kamata su tarar da ruwa, su kuma tarar da mu.