Kamarar farko: abin da matashi zai duba kafin ya zuba jarinsa a DSLR

A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, da wuya a yi biki, suna ko walimar saukar Alƙur'ani ba a ga matashi rataye da kamara a wuya ba. Ɗaukar hoto da bidiyo ta zama sana'ar da samari da 'yan mata ke rufa wa kansu asiri da ita. Sai dai ga mai farawa, kamarar farko ita ce jarin gaba ɗaya. Wani da kuɗin adashi ya saye ta, wani kuma ɗan'uwa ne ya aiko masa daga ci-rani. In aka yi zaɓen tumun dare, asarar ba ta tsayawa kan kuɗi: amarya ba ta sake shiga lalle don mai hoto ya gyara aikinsa, kuma unguwa ba ta mance wanda ya ɓata bikin 'yarta.

Kasuwar ta koma ta na hannu

DSLR kamara ce mai madubi a ciki, wadda ake cire mata lensi, wato gilashin gaba, a sa wani. A 2008 ne irinta ta fara ɗaukar bidiyo, da fitowar Nikon D90 da Canon 5D Mark II. Yanzu manyan kamfanonin biyu sun karkata ga kamarori marasa madubi, kuma tun 2020 babu wanda ya fitar da sabon samfurin DSLR a cikinsu.

Wannan ya zame wa mai ƙaramin ƙarfi gobarar Titi. Masu hoto a Turai da Amurka na sayar da tsofaffin kayansu don su koma sabon yayi, farashin na hannu kuma ya sauka. Lensin Canon nau'in EF, da ake ƙerawa tun 1987, yana nan birjik, kuma yana hawa sababbin kamarorin kamfanin idan aka sa masa mahaɗi. Wanda ya sayi lensi mai kyau yau bai yi asara ba ko da gobe ya canza kamara.

Ƙaramar kafa mai raba gardama

Mai saye yakan fara da tambayar megafiksel nawa. Amma bidiyon Full HD bai wuce kusan megafiksel 2 ba, kuma kamara mai 18 ta isa a wanke babban hoton da za a rataya a falo. Abin da ya fi cancanta a duba shi ne wata 'yar kafa a gefen kamara, inda ake soka makirfo. A wajen biki akwai kiɗa, guɗa, ƙarar janareta da iska. Makirfon cikin kamara duk yana kwashe su, har addu'ar liman ta ɓace.

Canon 2000D da 4000D, waɗanda suka fito a 2018, ba su da wannan kafa, haka ma Nikon D3400 da D3500. Tsofaffin da suka girme su kuwa, irin Canon 600D ta 2011, 700D ta 2013, Nikon D5300 ta 2013 da D3300 ta 2014, duk suna da ita. Ke nan sabuwa fil a kwali na iya kasa aikin da tsohuwa za ta yi.

Abu na biyu shi ne allo mai juyawa, wanda ke ba mai ɗauka damar ɗaga kamara sama da kawunan jama'a yana ganin abin da yake ɗauka. Akwai shi a 600D, 700D da D5300, babu shi a D3300.

Na uku shi ne yadda kamara ke bin fuska da kanta lokacin bidiyo. A nan Canon ta yi gaba da fasahar Dual Pixel, wadda ta fara da 70D a 2013, ta kuma shiga ƙananan kamarori irin 200D ta 2017 da 250D ta 2019. Mai 600D da hannu zai riƙa saita lensi, ƙananan Nikon kuma sukan yi ta lalube kafin su kama fuska. Wanda bidiyo ne babban aikinsa, gara ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin 200D ko 70D. Wanda hoto ya fi yi, D3300 ko D5300 sun ishe shi.

Akwai kuma iyakar lokaci. Yawancin waɗannan kamarori na tsayawa da kansu kafin minti 30, ita 600D ma takan tsaya bayan kusan minti 12 a Full HD. Mai ɗaukar wa'azi ko taro dole idonsa ya kasance kan allo.

Kada jiki ya cinye kuɗin duka

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a juye duk abin da aka tara kan jikin kamara, a dawo gida babu batir na biyu. Dabarar da ta fi ita ce a ware kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin don sauran kaya: batir biyu ko uku, katin memori biyu masu sauri, makirfon maƙalawa a riga, sandar kamara mai ƙafa uku, da fitilar LED mai caji.

Lensin 18-55 da ke zuwa da kamara yana aiki da rana, amma a ɗakin amarya ko bayan magariba sai ya gaza. Maganin mai araha shi ne 50mm f/1.8, wanda ke shigar da haske ninki da yawa, ya kuma dusashe bayan mutum. A ƙuntataccen ɗaki yakan matso da abu kusa ainun, shi ya sa masu Nikon ke son 35mm f/1.8. Su kuma sai su kula: jerin D3000 da D5000 ba su da injin juya lensi a jikinsu, don haka tsohon lensin da ba AF-S ko AF-P ba, da hannu za a saita shi.

Gwaji kafin biya

Labulen da ke ƙiftawa a cikin kamara yana da iyakar rayuwa. A ƙananan DSLR an ƙiyasta masa kusan ƙiftawa 100,000. Nikon na rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, Canon kuwa sai an haɗa ta da kwamfuta. Bayan wannan, a ɗauki farar takarda da lensi a tsuke, misali f/16, don a ga ko akwai ɗigon ƙura ko tabo. A haska lensi da tocila, domin kayan da suka daɗe a garuruwan bakin teku masu laima kan yi fumfuna a ciki. A kuma ɗauki bidiyo na minti goma a wurin, a saurari sautin.

Zafi, ƙura da wuta

Kamfanonin sun tsara waɗannan kamarori su yi aiki daga digiri 0 zuwa 40, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin kudancin Nijar na wuce haka. Kamarar da aka bari a rana ko cikin mota na iya kashe kanta ana tsakiyar ɗauka. Da hunturu kuma ba a canza lensi a fili, sai a ɗaki, bakin kamara na kallon ƙasa.

Wutar lantarkin Nijar mai 50Hz ce, ta Amurka 60Hz. Kamarar da ta zo daga can na iya nuna fitilu suna rawa a bidiyo. Gyaran yana cikin saiti: a mayar da ita PAL, hoto 25 a daƙiƙa, saurin ƙiftawa 1/50.

Ga masu aikowa daga waje

Euro ɗaya daidai yake da CFA 655.957, don haka kayan euro 300 sun kama kusan jika 197, ban da kuɗin aike da na kwastan. Kafin ɗan'uwa ya biya, ya tambayi wanda zai yi aikin ko hoto zai fi yi ko bidiyo, ya kuma tabbatar da kafar makirfo. Ya haɗo da caja ta asali da batir daidai samfurin: LP-E8 na 600D da 700D, LP-E17 na 200D da 250D, EN-EL14 na ƙananan Nikon. Batir na ajiya a jakar hannu ake shiga jirgi da shi, ba a cikin akwati ba.

Idan kaya sun iso, saura abu guda: kada bikin mutane ya zama wurin koyo. Mako biyu ko uku ana ɗaukar 'yan gida, da rana da dare, ana sauraron sauti ana gyarawa, sun fi arha a kan kuɗin da za a mayar wa uwar amarya.