Buhunan Gawayi Da Suka Gina Gidan Fasaha A Tamale

A bayan garin Tamale, a arewacin Gana, akwai wani fili mai jar ƙasa inda tsofaffin jiragen sama ke fake kusa da taragon jirgin ƙasa. Babu filin saukar jirgi a wurin, layin dogon da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa kuma bai taɓa isowa Tamale ba. A kan manyan motoci aka kwaso jiragen da taragon daga kudu. Yanzu 'yan makaranta ke hawa cikin jiragen, su zauna su koyi zane.

Wurin shi ne Red Clay, wanda mai fasahar nan Ibrahim Mahama ya buɗe a 2020. Ba attajirin nan ƙanen Shugaba John Mahama ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Shi mai fasahar an haife shi a Tamale a 1987, ya karanta zane a jami'ar KNUST ta Kumasi, abin da ya fito da shi duniya kuwa buhu ne.

Buhun algarara dai daga Indiya da Bangaladash ake shigo da shi Gana don zuba koko. In ya gama wannan aikin sai ya koma hannun masu masara da shinkafa, daga ƙarshe ya ƙare a wajen masu gawayi, ya yi baƙi, ya sha faci, ga sunayen 'yan kasuwa a jikinsa. Mahama yakan ba su sababbi ya karɓi tsofaffin, ya ɗauki mutane su ɗinke su, sannan ya lulluɓe gini sukutum da su. Ya yi irin wannan aikin a bikin fasaha na Benis a 2015, da Kasel ta Jamus a 2017. A 2024 ya rufe wani ɓangaren ginin Barbican na Landan da ƙyallen da ɗaruruwan masu sana'a suka ɗinka a filin wasan Tamale, aka lilliƙa masa tsofaffin rigunan batakari.

Kuɗin da ayyukan nan suka kawo gida ya mayar. A 2019 ya buɗe cibiyar fasahar zamani ta SCCA a cikin gari, aka fara da baje ayyukan dattijo Kofi Dawson. A 2021 ya ƙara da Nkrumah Volini, wani rumbun siminti na ajiyar hatsi da aka fara a zamanin Nkrumah, aka yi watsi da shi bayan juyin mulkin 1966. Jemagu ne suka gaje shi, kuma ba a kore su ba.

Shiga duka wuraren kyauta ne. Wannan ne ma ya bambanta su da yawancin gidajen fasaha na manyan birane, waɗanda talaka ke wucewa ta ƙofarsu ba tare da ya san abin da ke ciki ba. A Tamale, ɗan mai gawayi na iya shiga ya ga buhun da ya sani tun yana goye.

Sai dai akwai abin dubawa. Nauyin wuraren nan uku yawanci yana wuyan mutum ɗaya ne, shi kuma yana dogara da kasuwar fasaha ta Turai da Amurka, wadda ba ta da tabbas. Ya kamata hukumomin Gana da masu hannu da shuni na arewa su sa hannu tun ana cikin yalwa.