Idan Faifan Yatsa na Kwamfutarka Ya Daina Jin Magana

Maganar wannan makon a kan kwamfutar cinya ce wadda ta kwana biyu, musamman ɗan faifan nan mai santsi da ke ƙasan madannai, wanda kake goga yatsa a kansa kibiya ta motsa. Idan Windows ɗinka na Faransanci ne, za ka ga an rubuta sunansa Pavé tactile. Mu a nan faifan yatsa za mu riƙa ce masa.

Wanda ya san unguwar Kilomita Biyar a Bangui, wato PK5, ya san titin Koudoukou da babban masallacin nan da Fafaroma Francis ya ziyarta ranar 30 ga Nuwamba 2015. Daga ƙofar masallacin zuwa cikin kasuwa, kwamfuta ta zama kayan aiki kamar sikeli. Mai shago na ajiye lissafin bashi a ciki, dillalin shanu na rubuta na wa aka sayar da na wa ya rage, yaro mai cajin waya na tura wa makiyaya wa'azi a kati. Akasarinsu kuwa na hannu ne, HP ko Dell ko Lenovo da suka gama aiki a wata ƙasa kafin su iso. To ranar da kibiya ta tsaya cak, ko ta kama rawa ita kaɗai, sai hankali ya tashi. Daga Bangui zuwa Beloko, bakin iyakar Garwa Bulai, kusan kilomita 600 ne. Idan abin ya same ka a Buwar kana son buɗe takardar kayanka, ba ka da mai gyaran da ka sani a kusa.

Kafin komai, riƙe wannan: lalacewar faifan yatsa ba ta taɓa lissafinka. Takardunka suna can cikin ma'ajiyar kwamfuta lafiya lau. Abin da ke cinye su shi ne gaggawar mai gyara da zai ce maka sai an wanke kwamfutar an zuba sabon Windows. Kada ka yarda da wannan tun farko. A ganina, mai gyaran da ya fara da maganar wankewa kafin ya jona linzami ya gwada, ka karɓi kayanka ka yi gaba.

Yanzu yaya faifan yake aiki? Ba nauyin yatsanka yake ji ba. A ƙarƙashinsa akwai siraran layukan lantarki a jere kamar saƙar tabarma, jikin mutum kuma yana ɗaukar lantarki, to idan yatsa ya sauka sai layukan wurin su ji canji, kwamfuta ta gane inda ka taɓa. Shi ya sa idan ka goga tsinke ko murfin biro ba abin da zai motsa. Shi ya sa kuma ɗigon ruwa yake ruɗa shi, don ruwa ma yana ɗaukar lantarki, sai ya ɗauka yatsa na biyu ne. Ka fito daga alwala hannu da danshi, ko gumi na zuba irin na damina a bakin kogin Ubangi, ka zauna ka taɓa, kibiya ta yi gabas ta yi yamma. Ba aljanu ba ne, Malam. Goge hannu, goge faifan da busasshen ƙyalle mai laushi. Idan maiƙo ya daskare a kai, na soye ko man shanu, ɗan jiƙa ƙyallen da alkol na kantin magani bayan ka kashe kwamfutar. A ƙyalle za ka zuba, ba a kan faifan ba.

Ku makiyaya da masu ɗaurin kaya, taku matsalar daban ce. Yatsan da ya yi kanta saboda sanda da igiya, ga bushewar hunturu, wani lokaci faifan ba ya jin sa sosai. Gwada da wani yatsan, ko ka ba yaro ya taɓa. Idan shi ta bi hannunsa, kwamfutarka ba ta da laifi.

Idan kibiya ba ta motsi ko kaɗan, abu na farko da za ka zarga shi ne an kashe faifan ba da sani ba. Wannan na faruwa fiye da yadda kake zato, musamman a gidan da yara ke danne-danne. Dubi layin madannai na sama, daga F1 zuwa F12, ka nemi wanda aka zana ɗan akwati da yatsa a kai, ko akwati da aka ja wa layi. Danne Fn da ke ƙasa ta hagu, ka haɗa da shi. A Acer da yawa F7 ne, a Asus F9, a wasu Lenovo F6, amma ka bi zanen, don kowane samfuri da nasa. Tsofaffin HP irin su ProBook da EliteBook kuwa dabararsu daban: a kusurwar faifan ta sama hannun hagu akwai ɗan ɗigo, idan ka ga wuta mai ruwan goro a wurin, a kashe yake. Ƙwanƙwasa wurin sau biyu da sauri, wutar za ta mutu, kibiya ta dawo. Mutane nawa suka biya kuɗin gyara a kan wannan ɗigon!

Sai ka leƙa ramukan USB na gefe. Linzami mara waya yana zuwa da ɗan makale ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa, ana mantawa da shi a ciki. Windows na da wani zaɓi da ke kashe faifan muddin ya ga an jona linzami, ko da linzamin yana can cikin jaka batirinsa ya mutu. Zare makalen ka gani.

Za ka ce to ta yaya zan shiga saiti alhali kibiya ba ta tafiya? Da madannai. Danne maɓallin Windows tare da I, saiti zai buɗe. Tab yana tsallaka ka daga wuri zuwa wuri, maɓallan kibau huɗu na kai ka sama da ƙasa, Entrée yana buɗewa, dogon maɓallin tazara yana kunnawa ko kashewa. A Windows 10 na Faransanci ka shiga Périphériques, sannan Pavé tactile, ka tabbata a kunne yake. Amma gaskiya hanya mafi sauƙi ita ce ka ari linzami mai waya wurin maƙwabcin shago na minti goma. Idan ka jona ya yi aiki, ka san kwamfutar ba ta sandare ba, matsalar ta faifan ce kawai. Idan shi ma bai motsa ba, madannai ma shiru, to kwamfutar ce ta daskare. Danne maɓallin kunnawa har ta mutu, ka sake tayar da ita.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, maganar caja. Kibiyar da ke tsalle, ko ta buɗe abin da ba ka taɓa ba, sau da yawa wuta ce sanadi. Tun da faifan ƙaramin canjin lantarki yake saurare, duk wata wuta mara tsabta da ta shigo jikin kwamfutar tana dagula masa lissafi. Cajar jabu, wadda ba ta da nauyi a hannu, ba a sa mata isassun kayan tace wuta ba. Ƙara da cewa a kasuwa idan wutar Boali ta ɗauke, janareta ake tayarwa ko a koma kan batirin sola da inbata mai araha, ga soket babu wayar ƙasa. Gwajin ba ya cin ko dala: zare caja, bar kwamfutar a kan batirinta, ka goga yatsa. Idan kibiya ta natsu, ka mayar da caja ta sake hauka, an kama ɓarawo. Idan batirinka ya riga ya mutu, ba ta zama sai da caja, ari ta wani mai irin kwamfutarka, ko ka gwada a wani gida mai wata wutar.

Wajen sayen wata cajar, juya kwamfutar ka karanta takardar da ke manne a ƙasa, ko jikin tsohuwar cajarta ta asali. HP da Dell da yawa 19.5V suke ci, Lenovo 20V, Acer da Asus 19V. Lambar V ta zo daidai, lambar W kuma, 45 ko 65 ko 90, kada ta gaza wadda aka rubuta. Shigar baki a rami ba shi ne dacewa ba. Tsohuwar caja ta asali da aka ciro daga wata kwamfuta ta fi mini sabuwar jabu a kwali mai ƙyalli. Idan kuma kana jin ɗan tsiki a fata in ka taɓa ƙarfen jikin kwamfutar tana caji, nemi caja mai ƙafa uku da soket mai wayar ƙasa.

Akwai wadda ta fi duk waɗannan hatsari. Tsofaffin kwamfutoci masu kauri batirinsu a baya yake, ana zare shi da hannu, su wannan ba ta cika shafarsu ba. Amma sirara na baya-bayan nan, batirinsu shimfiɗaɗɗe ne, kuma a yawancinsu daidai ƙarƙashin faifan yatsa yake kwance. Idan ya tsufa, ga zafi, ga kwana a kan caji, yakan tara iska ya kumbura kamar burodi, ya turo faifan daga ƙasa. Alamarsa: dannawa ta yi tauri ko ta daina ƙara, faifan ya ɗago sama da gefensa, bakin kwamfutar ya fara buɗewa, ko ka ajiye ta a tebur tana rangaji. Ka ga haka, kashe ta, zare caja. Kada ka danna faifan da ƙarfi wai ya koma, kada ka huda batirin da allura wai iska ta fita. Batirin litiyom idan aka huda shi yana iya kamawa da wuta, kuma wutarsa ba ta mutuwa da sauƙi. Ka tuna rumfunan kasuwa a manne suke da juna, ga atamfa ga katifa ga man fetur a kwalba, Allah ya kiyaye. Kada ka bar ta a gaban mota cikin rana, kada ka cusa ta ƙarƙashin kaya. Kai wa mai gyara ya cire batirin. Yawancin kwamfutoci suna aiki da caja kaɗai kafin ka samu wani. Wanda aka cire a ajiye shi cikin bokitin yashi nesa da ɗakin ciyawa, ba a jefa shi a juji inda ake cinna wuta.

Idan duk wannan ba shi ba ne, saura abu biyu. Na ɗaya manhajar da ke tuƙa faifan, wadda masu gyara ke kira direba. Kamfanonin Synaptics, Elan da Alps su ne suka ƙera yawancin faifan tsofaffin kwamfutoci, kowanne da direbansa. Idan faifan ya mutu ne daidai bayan an zuba maka sabon Windows, ko yana motsi amma jan shafi da yatsa biyu ya daina, direba ne ya ɓace. Da linzamin aro ka buɗe Gestionnaire de périphériques, ka duba ƙarƙashin Souris et autres périphériques de pointage, ka lura ko akwai alamar rawaya a wani wuri cikin jerin. Ana sauko da direban daga shafin kamfanin kwamfutar da lambar samfurin da ke ƙasanta. Ko a waya ka sauko da shi, ka tura ta igiya. Wasu na cewa wai tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 shi ya sa faifansu ya mutu. A'a. Abin da aka daina shi ne aiko da gyaran tsaro, ba a kashe wa kowa faifai ba.

Na biyu, siririyar igiya mai faɗi kamar ganyen kaba da ta haɗa faifan da uwar allon kwamfuta. Girgizar babur da ramukan hanya suna iya sassauta ta, har faifan ya riƙa aiki yau gobe ya ƙi. Mayar da ita aikin minti kaɗan ne, sai dai ɗan maƙullin da ke riƙe ta ya fi farce rauni, idan ya karye aiki ya ƙaru. Bar wa mai gyara, ka tsaya a kansa, ka ga ya cire batir kafin ya taɓa komai. Kafin ka miƙa masa ma, kwafe lissafinka a kile USB ka sa a aljihu.

Idan aka duba aka ce faifan kansa ne ya ƙone, ko shayi ya taɓa zuba a ciki, yi lissafi kafin ka sa a nemo wani. Sai an samu gawar kwamfuta irin taka sak, kuma ba ka da tabbacin na jikinta lafiyayye ne. Linzami mai waya yana yin duk aikin da faifan ke yi, ba ya cin batir, ana samunsa a kasuwar PK5 da garuruwan kan hanya. Yana tafiya a kan takarda, a kan littafi, har a kan buhu in an shimfiɗa shi sosai. Gilashi ne kawai ba ya so. Idan tsohon faifan na ci gaba da danne-danne shi kaɗai yana ɓata maka rubutu, koma saitin nan na Pavé tactile ka kashe shi gaba ɗaya, ka naɗe linzamin tare da caja a jaka guda.