Ron Carter: Makaɗin Da Ya Mayar Da Ƙaton Goge Jarinsa

A watan Satumba na shekarar 2015, kundin bajinta na Guinness ya tabbatar da cewa Ron Carter, ɗan ƙasar Amurka, ya sa hannu a ɗaukar faifai har 2,221, adadin da babu wani makaɗin ƙaton goge na kiɗan jaz da ya kai shi. Amma ba wannan sana'a ya nufa da fari ba.

An haifi Carter a garin Ferndale na jihar Michigan a shekarar 1937. Yana ɗan shekara 10 ya fara koyon celo, wato goge irin na Turawa mai tsirkiya huɗu wanda ake kaɗawa a zaune. A makarantar sakandare a Detroit ya koma kan ƙaton gogen da ake kaɗawa a tsaye. Ya sami digirin farko a makarantar kiɗa ta Eastman a 1959, na biyu kuma a ta Manhattan a 1961.

Burinsa shi ne ya sami aikin albashi a ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin kiɗan gargajiya na Turawa. Sai dai, kamar yadda ya sha faɗa, shahararren jagoran makaɗa Leopold Stokowski ya yaba da kiɗansa, amma ya gaya masa cewa shugabannin ƙungiyarsa ta birnin Houston ba su shirya ɗaukar baƙar fata ba. Ganin an rufe wannan ƙofa, sai ya nufi New York a 1959.

A can ya tarar da wata kasuwa dabam. Kamfanonin faifai kan yi hayar ɗakin ɗaukar sauti, su ɗauko makaɗa su biya su ladan zama na awa uku bisa farashin da ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ta ƙayyade. Kowane minti kuɗi ne. Saboda haka wanda zai iya karanta rubutaccen kiɗa nan take, ya kaɗa shi daidai ba tare da an yi ta maimaitawa ba, shi ake sake kira. Horon da Carter ya samu domin aikin da aka hana shi, shi ne ya zame masa jari.

A 1960 yana cikin waɗanda suka yi faifan Uhuru Afrika na Randy Weston, tare da makaɗin ganga ɗan Nijeriya, Babatunde Olatunji. Daga 1963 zuwa 1968 ya yi aiki a ƙungiyar Miles Davis, inda sunansa ya game duniya. Duk da haka ya bar ta ya ci gaba da cin gashin kansa a New York, ya zama makaɗin da kamfanin CTI ya fi dogara da shi a shekarun 1970.

Bai tsaya kan jaz kaɗai ba. Ya yi wa mawaƙiya Roberta Flack kiɗa a 1969, da Gil Scott-Heron a 1971. A 1991 matasan ƙungiyar A Tribe Called Quest suka gayyace shi, ya amince bisa sharaɗin cewa ba za a yi batsa a waƙar da zai kaɗa ba.

Wannan sana'a tana da nata haɗari. Makaɗin haya ba shi da albashi, kuma galibi ladan zaman nan shi ke nan, ko da faifan ya yi kasuwa; ribar da ke biyo baya ta kamfani ce da mai faifan da wanda ya tsara kiɗan. Ranar da ba a kira shi ba, babu kuɗin shiga. Carter ya magance wannan ta hanyar ƙin zuba ƙwansa a kwando ɗaya: ya tsara kaɗe-kaɗensa, ya fitar da faifai da sunansa, ya wallafa littattafan koyon kiɗa, ya kuma koyar na kimanin shekara 20 a kwalejin City College ta New York kafin ya shiga makarantar Juilliard a 2008.

Ya ci lambar yabo ta Grammy sau uku, ta ukun a 2022 yana da shekara 84. A 2021 kuma gwamnatin Japan, inda faya-fayansa suka daɗe suna samun kasuwa, ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa.