Wasan Sudoku: Yadda Gwanaye Ke Bin Sarƙar Hujja Su Kuma Rubuta Ta

Duk wanda ya taɓa zama da fensir a gaban wasan lambobin nan da ake kira Sudoku ya san inda tafiya kan tsaya cik. Za a cika gurbi arba'in ko hamsin ba tare da wata wahala ba, sa'an nan hanya ta toshe, ko'ina aka duba sai a tarar lamba biyu ko uku na iya shiga. A nan ne masu wasan kan rabu gida biyu. Waɗansu su koma canki-canki, su aza lamba su ga abin da zai biyo baya, in ta ɓaci su goge. Waɗansu kuwa ba su yarda su rubuta kome sai sun sami hujjar da za su iya nuna wa wani ya duba. Daga wajen waɗannan na biyu ne aka samo dabarar nan ta sarƙa, tare da salon rubuta ta a taƙaice.

Ƙa'idar wasan ba ta da tsawo. Fili ne mai gurbi 81, wato layi 9 a kwance, layi 9 a tsaye, da akwati 9 kowanne mai gurbi 9. Ana son lambobi 1 zuwa 9 su fito sau ɗaya tak a kowane layi da kowane akwati. Ko da yake sunan na Japan ne, a Amurka wasan ya fara fitowa, cikin 1979, a mujallun kamfanin Dell, kuma ana danganta ƙirƙirarsa da wani mai zanen gine-gine, Howard Garns. Kamfanin Nikoli ne ya gabatar da shi a Japan cikin 1984. Bai cika duniya ba sai da Wayne Gould, mutumin New Zealand wanda ya yi alƙalanci a Hong Kong, ya sa jaridar The Times ta Landan ta fara buga shi a watan Nuwamba na 2004.

Wanda ya san hatimi zai ga kama tsakaninsu, balle ma da yake malamin nan Bakatsine, Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1741, ya wallafa littafi cikin 1732 a kan yadda ake gina irin waɗannan jadawalin. Amma kamar ta tsaya a ido ne kawai. A hatimi tara lambobi ake yi. A Sudoku kuwa babu lissafi ko kaɗan, don da za a cire lambobin a sa haruffa tara a madadinsu, wasan bai canja ba.

Aikin gwani yana farawa ne da rubuta 'yan takara, wato ƙananan lambobin da ake sawa a kusurwar kowane gurbi don nuna abin da zai iya zama a cikinsa. Daga nan ba neman lambar da za a sa ake yi ba, neman wadda za a kore ake yi. Dangantaka iri biyu ce tsakanin 'yan takarar nan, kuma wanda bai rarrabe su ba, sarƙarsa ba za ta riƙe ba.

Ta farko ita ce mahaɗa mai ƙarfi. Ma'anarta ita ce abubuwa biyu ba za su zama ƙarya gaba ɗaya ba, in wannan bai tabbata ba lalle wancan ya tabbata. Misalinta ofis ne mai akawu biyu wanda aka ce tilas a bar mutum ɗaya a bakin aiki. In an ga Malam Wane ya tafi hutu, ba sai an leƙa ba, an san ɗayan yana nan. Ana samun irinta inda wata lamba ba ta da masauki a cikin layi sai gurbi biyu, ko inda gurbi ɗaya ya rage da 'yan takara biyu kacal. Ta biyu ita ce mahaɗa mai rauni, wato abubuwa biyu ba za su tabbata tare ba. Kujera ɗaya ce da masu nema da yawa. In wannan ya hau, wancan ya rasa, amma rashin wannan bai nuna wancan ne ya samu ba. A nan ne akasarin masu koyo ke tuntuɓe, su ɗauki mai rauni su yi mata aikin mai ƙarfi.

To, sarƙa ita ce a jera waɗannan mahaɗai bi da bi, mai ƙarfi, mai rauni, mai ƙarfi, a fara da mai ƙarfi a kuma ƙare da ita. Ga misali. A ce lamba 4 ba ta da wurin zama a layin kwance na 2 sai a layin tsaye na 3 ko na 8. A layin kwance na 6 kuma ba ta da wuri sai a na 3 ko na 7. In 4 ba ta zauna a na 8 ba a layi na 2, tilas ta zauna a na 3. In ta zauna can, ba za ta sake zama a na 3 ba a layi na 6, domin layin tsaye ɗaya suke, saboda haka sai ta koma na 7. Ke nan ko ta yaya aka juya, ɗaya daga cikin bakunan sarƙar nan biyu 4 ce. Ba a san wanne ba, kuma ba a bukatar a sani. Duk gurbin da ya haɗa layi ko akwati da bakunan biyu gaba ɗaya, an haramta masa 4.

Wannan bayani da ya ci layi biyar ko shida, gwanaye kan rubuta shi ne a layi ɗaya, bisa salon da ake kira Eureka. Harafin r yana nufin layin kwance, c kuma layin tsaye, daga farkon kalmominsu na Turanci, don haka r2c8 shi ne gurbin da layin kwance na 2 ya gamu da na tsaye na 8. Alamar = tana tsaya wa mahaɗa mai ƙarfi, alamar - kuma mai rauni:

(4)r2c8 = (4)r2c3 - (4)r6c3 = (4)r6c7

Sakamakon shi ne a goge 4 daga r1c7 da r3c7 da r4c8 da r5c8. Abin sha'awa kuma, in aka karanta layin daga dama zuwa hagu, hukuncin bai canja ba.

Sarƙa ba ta tsaya kan lamba guda ba. A ce r1c1 na da 2 ko 5, r1c7 na da 5 ko 9, r6c7 kuma na da 9 ko 2. Sai a rubuta:

(2=5)r1c1 - (5=9)r1c7 - (9=2)r6c7

Wato in na farko ba 2 ba ne, 5 ne, sai na tsakiya ya zama 9, na ƙarshe ya zama 2. Don haka r6c1, wanda ke layin tsaye ɗaya da na farko, layin kwance ɗaya da na ƙarshe, ba zai taɓa zama 2 ba. Sunayen nan masu ban tsoro da ake ji a littattafan wasan, irin su X-Wing da XY-Wing, galibinsu gajerun sarƙoƙi ne da aka raɗa wa suna saboda yawan fitowarsu. Wannan na biyu shi ne XY-Wing. Ɗalibin da ya kama mahaɗan nan biyu ya huta da haddar sunaye barkatai.

Akwai masu cewa duk wannan canki-canki ne aka sa wa babbar riga, tun da ai da "in ba kaza ba" ake farawa. Maganar ba ta tsaya ba. Mai canka yana rubuta lamba ne da fatan ta dace, in ta dace ya wuce bai san dalili ba. Mai sarƙa kuwa bai rubuta kome ba, ya rufe ɓangarorin biyu ne ya nuna hukuncin ɗaya ne a kowanne. Amfanin salon rubutun ke nan, yana sa hujja ta fito fili yadda mutumin Japan da na Jamus za su bi ta daki-daki ba tare da tafinta ba, kuma in akwai mahaɗar da aka yi wa ƙarya, a sa yatsa a kanta. Sai dai a gasar duniya, wadda aka fara a garin Lucca na Italiya cikin 2006, agogo ake bi, kuma ba wanda ke tambayar ɗan gasa hujjarsa in amsarsa ta yi daidai.

Inda gardama ta fi nauyi shi ne kan dabarar da ta jingina da cewa amsar wasa ɗaya ce. Masana sun ƙidaya cikin 2005 cewa cikakkun filayen Sudoku sun kai 6,670,903,752,021,072,936,960, kuma cikin 2012 Gary McGuire na Dublin da abokan aikinsa suka tabbatar da kwamfuta cewa wasan da aka bayar da lambobi ƙasa da 17 a cikinsa ba zai zama mai amsa ɗaya ba. Amma ko da lambobin sun fi haka, mai tsarawa na iya yin sakaci. Dabarar ita ce, in gurabe huɗu suka tsaya a kusurwoyi huɗu, cikin layin kwance biyu da na tsaye biyu da akwati biyu, uku daga cikinsu na da 3 ko 8, na huɗu na da 3 ko 8 ko 6, sai a ce na huɗun 6 ne, domin in ba haka ba 3 da 8 za su iya musayar wuri a sami amsa biyu. Hujjar ta yi kyau, amma ba daga ƙa'idar layi da akwati ta fito ba, daga amincewa da wanda ya tsara wasan ta fito. In ya yi kuskure, mai bin ta ya bi shi. Saboda haka ne waɗansu gwanaye ba su taɓa ta sam, kuma waɗansu manhajojin kwamfuta masu warware wasan suka tanadi wurin da mai amfani da su zai kashe ta in ya ga dama.