Dare Ɗaya Allah Kan Yi Bature? Darasi Daga Faifan Farko Na The Knack

Akwai wata magana da na gaji da jin ta, ita ce ma ta sa na ɗauki alƙalami yau. Duk lokacin da wani mawaƙi ya yi fice, waƙarsa ta cika gari, a adaidaita ita, a teburin mai shayi ita, a gidan biki ita, sai ka ji mutane sun rabu gida biyu. Masu mugun baki su ce ai asiri ne, ko kuma ya shiga ƙungiyar matsafa, don jiya-jiya ba wanda ya san shi. Yaran da ke sha'awar waƙa kuma su ce ai sa'a ce kawai da kuɗin situdiyo, dare ɗaya Allah kan yi Bature. Su biyun nan jirgi ɗaya ya kwaso su, domin duk sun yarda cewa kafin wannan daren babu wata wahala da aka sha. Na farkon alhakin ƙazafi yake kwasa, shi da Mahaliccinsa. Na biyun ne ya fi ƙona min rai, don aljihun iyayensa ne ke jin jiki.

Kwanan baya wani ɗan 'yar'uwata ya sayar da babur ɗin da aka haɗa kuɗi aka saya masa don ya riƙa neman abinci. Ya kwashi kuɗin ya kai wani situdiyo, ya shiga da waƙa huɗu waɗanda bai taɓa rera ko ɗaya daga cikinsu a gaban mutum goma ba. Yau babu babur, waƙoƙin kuma ko ƙannensa ba sa kunna su.

Shi ya sa zan kawo muku labarin wata ƙungiyar makaɗa ta Amurka mai suna The Knack. Na zaɓe ta ne don ko a can ƙasarsu an yi mata irin wannan shaidar, an ce dare ɗaya ta zama abin da ta zama. Salon kiɗansu shi ake kira power pop, wato gajerun waƙoƙi masu daɗin amshi, a kan jita mai ƙarfi da ganga mai zafi. Pete Townshend na ƙungiyar The Who ne ya fara furta sunan a 1967, su Badfinger da Raspberries da Cheap Trick suka bi layin. Wannan ya isa, ba tarihin salon na zo bayarwa ba.

Ga abin da idon jama'a ya gani. Samari huɗu a birnin Los Angeles sun fara hawa dandali tare a watan Yunin 1978. A watan Janairun 1979 suka sa hannu da kamfanin Capitol Records. A watan Afrilu suka shiga situdiyo, ba su wuce mako biyu ba suka fito da faifai mai waƙa 12, kan kuɗi kimanin dala 18,000. Aka saki faifan, Get the Knack, ranar 11 ga Yunin 1979. Cikin kwana 13 aka sayar da kwafi 500,000. Ya yi mako 5 yana na ɗaya a jadawalin mujallar Billboard, waƙarsu "My Sharona" kuma ta yi mako 6 a sama, ta zama waƙar da ta fi kowace tashe a Amurka a shekarar. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar Fleetwood Mac ta fitar da faifanta mai suna Tusk, wanda ta kashe wa sama da dala miliyan 1. Wanda ya ji waɗannan alƙaluma kaɗai dole ya riƙe baki ya ce, wannan ko sa'a ko siddabaru.

To bari mu ɗaga labule mu ga abin da ke ciki.

Jagoransu, Doug Fieger, an haife shi a 1952, ya tashi a Oak Park kusa da Detroit. Tun bai cika shekara 20 ba ya kafa wata ƙungiya mai suna Sky. Ba ƙaramar dama ya samu ba a lokacin, domin Jimmy Miller, furodusan da ke yi wa The Rolling Stones aiki, shi ya ɗauke su, kuma kamfanin RCA ya fitar musu da faifai biyu, a 1970 da 1971. Duka biyun suka kwanta a kasuwa, ƙungiyar ta watse. Ku lura da kyau: babban furodusa yana nan, babban kamfani yana nan, kuɗin situdiyo yana nan, amma abin ya ƙi. In da kuɗin situdiyo ne ke yin Bature, da tun 1971 Fieger ya zama shi.

Daga nan ya zauna a Los Angeles ya shiga shekarun da ba a ba da labarinsu a jarida. A nan ya haɗu da makaɗin jita Berton Averre, suka shekara da shekaru suna tsara waƙoƙi tare, suna ɗauka a kaset ɗin gwaji, suna yawo da shi ofis-ofis. Kamfanoni suka yi ta maido musu da kayansu. Mai gangarsu, Bruce Gary, shi ma tsohon hannu ne, tun yana matashi ya yi wa Albert Collins kiɗa, a 1975 kuma yana cikin ƙungiyar Jack Bruce, wanda duniyar kiɗan Turawa ta sani tun zamanin ƙungiyar Cream. Na huɗunsu, Prescott Niles, mai jitar nan mai kaurin murya, shi ne ya shigo daga ƙarshe, saura kwanaki kaɗan a fara wasan farko, amma shi ma ya daɗe yana kiɗa a ƙungiyoyi daban-daban. Saboda haka ƙungiyar ce sabuwa a 1978. Mutanen cikinta kowa ya daɗe yana shan gwagwarmaya.

Da kamfanoni suka ƙi kaset, sai suka bar bin ofisoshi suka koma gaban jama'a. Suka riƙa wasa a ƙananan gidajen rawa na Los Angeles, irin su Whisky a Go Go da Troubadour da Starwood, dare bayan dare, waƙoƙin nan dai su ne. A irin wannan wuri ba a ɓoye gazawa. In waƙa ta yi tsawo za ka ga mutane sun fara hira, in amshi bai kama ba za ka ga ba wanda ya buɗe baki. Haka suka yi ta yanke wannan, suna ƙara wancan, har waƙoƙin suka zauna daram. Layi ya fara tsawo a ƙofa. Manyan mawaƙa irin su Bruce Springsteen da Tom Petty da Ray Manzarek suka fara hawa dandali su yi kiɗa tare da su. Nan fa kamfanonin da suka kore su jiya suka dawo suna rububi, har guda 13. Waƙoƙin ba su canza suna ba, masu su ma ba su canza fuska ba. Abin da ya ƙaru shi ne kowa ya ga jama'a na biyan kuɗin ƙofa don su ji.

Yanzu sai mu zo kan mako biyun nan da ake ta mamaki. Furodusan da suka zaɓa Mike Chapman ne, haifaffen Ostireliya, wanda ya yi suna a Ingila da rubuta wa su Sweet da Suzi Quatro waƙa, kuma bai daɗe da gama wa Blondie faifansu Parallel Lines na 1978 ba. Da ya saurare su sai ya gane babu abin da zai koya musu. Ya sa su a ɗaki ɗaya a wani situdiyo da ke Glendale, suka buga tare kamar yadda suke yi a dandali, yawancin waƙoƙin sau ɗaya ko sau biyu aka ɗauka, gyare-gyaren da aka yi daga baya kaɗan ne. Situdiyo da awa ake biyansa. Wanda ya shigo da aikinsa a nune, awa kaɗan zai saya. Wanda kuma ya shigo ya koyi waƙarsa a ciki, mita na ta gudu yana ta "a sake, a sake", shi ne ke sayar da babur.

Ita kanta "My Sharona" akwai labarin da ake yawan maimaitawa, wai cikin minti 15 aka tsara ta. Fieger da bakinsa ya faɗi haka, ban ƙaryata shi ba. Abin da masu yaɗa labarin ke tsallakewa shi ne, zaren jitar da waƙar ta hau kansa Averre ya ƙirƙiro shi shekaru kafin a kafa ƙungiyar, ya buga wa Fieger, suka ajiye shi don ba su sami kalmomin da suka dace ba. Tuwon da aka tuƙa cikin minti 15, hatsinsa ya daɗe a rumbu.

Duk da haka ba su tsira daga bakin mutane ba. Bangon faifan hoto ne baƙi da fari mai kama da na The Beatles, Capitol kuma shi ne kamfanin da ya riƙa fitar da faifan Beatles a Amurka, ga shi sun ƙi yarda su yi hira da 'yan jarida. Sai aka fara cewa kamfani ne ya ƙera su kamar tukunya, har aka buga riguna da bajoji masu taken "Knuke the Knack" don a ci musu fuska. Kun ga ashe ba mu kaɗai ke da ciwon nan ba. Mu mu ce boka, su su ce kamfani, ciwon dai ɗaya ne: ƙyashin yarda cewa wani ya yi aikin da mu muka kasa jurewa.

Kada wani ya ce na zo wanke su. Kalmomin wasu waƙoƙinsu batsa ce tsagwaronta, har a can ma an soke su a kai, kuma ba zan so ɗana ya kwaikwaye su a nan ba. Tarbiyyar aikinsu nake nuna muku. Na kuma san akwai wasu dalilan, kamar gajiyar da Amurkawa suka fara yi da kiɗan disko a 1979, da ƙarfin kamfani wajen kai faifai shaguna, abin da ƙungiyar Big Star ta rasa a 1972 har faifanta na farko ya mutu a kasuwa duk da yabon da ya sha. Sama da komai kuma akwai rabo, wanda ke hannun Allah.

Abin haushin ma, darasin nan namu ne tun asali. Musa Ɗanƙwairo ya daɗe yana amshi a bayan mahaifinsa da yayansa kafin ya ja tasa ƙungiyar. Shata da makaɗan kalangunsa, a zamaninsu, in suka zauna gaban makirfo, abin da suka saba yi a filin biki shi suke yi, a ɗauka a wuce. Yau kuma yaro ko amshi bai taɓa yi wa kowa ba, yana jiran kwamfuta ta miƙar masa da murya.

Saboda haka, ƙannena masu sha'awar wannan sana'a, ku saurara.

Kada ka taka ƙofar situdiyo da waƙar da ba za ka iya rera ta daga farko har ƙarshe ba tare da duba takarda ko waya ba. In kana tuntuɓe a baiti na biyu a ɗakinku, a gaban makirfo faɗuwa za ka yi, kuma kuɗi ne ke zuba.

Kai waƙarka gaban mutanen da ba sa jin kunyarka. Abokanka za su ce ta yi, mahaifiyarka za ta sa albarka, wannan duk ƙauna ce. Je ka taron suna, ko bikin makaranta, ko kamun amaryar unguwa, ka roƙa a ba ka minti biyar ko ba a biya ka ba. Ka zuba ido a fuskokinsu. Inda suka ɗauko waya suka fara latsawa, nan ne waƙarka ta mutu, sai ka koma gida ka yi mata magani.

Ka ɗauki gwaji a wayarka tukuna, kyauta ne. Ka saurara bayan kwana uku, lokacin da zumuɗi ya kwanta. Ka tara waƙa goma kafin ka zaɓi biyu, domin wanda ke da waƙa ɗaya tak ba shi da abin da zai gwada ta da shi.

Ka nemi abokan tafiya waɗanda suka fi ka iyawa, ku sa ranar bita ku riƙe ta kamar ranar kasuwa. Fieger bai ɗauko abokan hirarsa ba, ya ɗauko mai gangar da ya riga ya goge. In akwai wani babba da zai yarda ka riƙa yi masa amshi ko ɗaukar masa kaya, kada girman kai ya hana ka. Shekara biyu a bayansa ta fi maka situdiyo goma.

Kafin ka biya, ku yi magana da mai situdiyo a fili: nawa ne, waƙa nawa, gyara sau nawa ne a cikin kuɗin, kuma kiɗan in an gama na wane ne. A rubuta a takarda, a sa shaida. Kada kunya ta sa ka yi shiru a kan haƙƙinka, daga baya ka zo kana zagin mutane a Facebook.

Kada ka sayar da abin da kake ci da shi. Babur, keken ɗinki, akuyar gyatuma, kuɗin makaranta, duk ba jarin waƙa ba ne. Ka riƙe sana'arka da rana, ka yi bita da dare, abin da ka rage daga ribarka shi za ka kai situdiyo. In aka ƙi ka kuma kada ka ce an yi maka asiri ko an rufe maka ƙofa. Fieger ya ga faifai biyu sun mutu a hannunsa, ya yi shekara takwas kafin wani faifansa ya tashi.

In kuma Allah ya ɗaga ka, kada ka yi gaggawa. Su The Knack ɗin nan, faifan farko sun shekara da shekaru suna tara masa waƙa, na biyun kuwa wata takwas kacal suka fitar da shi, a farkon 1980. Bai kama ƙafar na farko ba, na ukun a 1981 ya fi shi faɗuwa, kafin 1982 ta ƙare sun watse.

Ku kuma iyaye, hani da zagi kaɗai ba ya raba yaro da abin da ya ƙwallafa rai a kai, sai dai ya koya masa sayar da kaya a ɓoye. Ku zaunar da shi ku ce ya rera muku, ku ji abin da yake faɗa a ciki, in akwai batsa ku tsawatar tun a gida. Ɗan 'yar'uwar tawa haka na yi masa. Na ce ya rera min ɗaya daga cikin huɗun nan ba kiɗa, ba waya. Bai kai rabi ba ya tsaya yana sosa ƙeya. Yanzu yana koyon gyaran waya a kasuwa, na kuma ce masa ranar da ya iya rera min waƙa uku a tsaye ba tuntuɓe, ni zan biya kuɗin awa biyu na farko.